Bidiyon kai tsaye ko avata: wanne za a shiga taron VR da shi?

Ana yawan tambayata: in mutane za su haɗu a ɗakin VR (wurin da kwamfuta ta ƙera, da mutum ke ganin kamar yana ciki in ya sa wani gilashi na musamman) ta intanet, gara kowa ya fito a bidiyonsa na kai tsaye, ko ya yi amfani da avata, wato surar da kwamfuta ke zanawa a madadinsa?

Ta wajen data, avata ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Motsin kai da hannuwa da murya kawai ake aikawa, na'urar kowa ta zana sauran. Bidiyo kuwa, kowane mutum da ya ƙaru sai nauyin ya ƙaru, in layi ya yi rauni fuska ta daskare ana tsaka da magana.

Amma bidiyo na nuna abin da avata ke ɓoyewa: ɗaure fuska, murmushin dole, gajiya. Matsalarsa biyu. Gilashin VR na rufe rabin fuska, kyamara ba ta ganin idanu. Sannan hoton shafe yake, in ka zagaya gefe sai ka ga mutum kamar allon da aka jingine. Shi ya sa gilashin Vision Pro na kamfanin Apple, da ya fito a 2024, ke ɗaukar hoton fuskarka tun farko ya ƙera mata sura mai motsi.

Sirri fa? Bidiyo na tona ɗakinka. Avata na rufe shi, kodayake salon motsinka ma na iya fallasa ko kai wane ne.

Malami mai gwada aikin hannu da masu tattaunawar da ke buƙatar yarda, bidiyo ya fi musu. Babban taro, wasa, ko mai raunin intanet, avata ta wadatar.