Hinoki, icho ko hiba: wanne ya dace da babban katakon yanka?

'Yar'uwa, kin ce kina neman katakon yanka na Japan mai tsawon santimita 60, kin ga hinoki da icho da hiba, kin rasa na ɗauka. Dukkansu itace ne mai taushi, kuma da gangan ne. Wuƙar Japan ƙarfenta ya fi na Turai tauri, bakinta siriri, da ta yi ta karo da katako mai tauri irin na gora sai bakin ya fara ɓantarewa.

Hinoki ne ruwan dare. Akwai na Kiso a lardin Nagano, da na Yoshino a Nara, da na Shimanto a Kochi. Yana da ƙamshi, yana bushewa da wuri, kuma ba shi da nauyi: mai tsawon 60, faɗin 30, kaurin 3 bai cika kai kilo biyu da rabi ba. Aibinsa shan launi. Ki yanka attaruhu a kansa yana bushe, jan ya zauna ke nan.

Icho ya ɗan fi nauyi, wajen kilo uku a wannan girman. Masu sana'ar girki na son sa don naman itacen bai ɗaya yake, ba wani layi mai tauri da zai tare wuƙa, ga ɗan mai a jikinsa da ke sa ruwa ya zame. Sai dai wani sabon yakan zo da ɗan wari, kuma in ya kwana da danshi baƙin fumfuna zai kama shi.

Hiba na lardin Aomori ya fi su jure fumfuna saboda sinadarin hinokitiol, wanda duk da sunansa ya fi yawa a hiba a kan hinokin Japan. Ƙamshinsa na da ƙarfi, da farko har yakan taɓa abinci.

Don girkin gida na kullum mu hinoki za mu ce. In kina da wuƙa mai tsada irin yanagiba, doguwar wuƙar yanka kifi mai santimita 27 ko 30, icho. In ɗakin girkin na da laima, hiba.

Amma a wannan girman, yadda aka tsaga itacen ya fi sunansa muhimmanci. Ki dubi saman katakon. In layukan sun tafi a miƙe, kusa da juna, masame ke nan, kuma ba ya saurin kantarewa. In sun yi zane kamar tuddai, itame ne, ya fi araha, amma shi ne zai lanƙwashe ya riƙa rawa a kan tebur kina yanka. Kauri kada ya gaza santimita 3. Siriri mai tsawo yakan kantare, kuma mai kauri ne kafinta zai iya kankare wa milimita biyu in ya yi kwari a tsakiya, ya dawo sabo. Falle ɗaya ya fi tsada. Wanda aka harhaɗa da gam bai cika lanƙwasa ba, amma ta mahaɗar yake buɗewa.

Kafin ki biya, ki auna kwamin wanke-wankenki. Katakon da ba ya shiga ba zai wanku da kyau ba.

Ki jiƙa fuska biyun ki goge kafin yanka. Bayan nama ko kifi a fara wanke shi da ruwan sanyi, don ruwan zafi dafa jinin yake yi ya manne. A jingine shi a inuwa ya sha iska, ban da rana, ban da kusa da murhu. In a ƙasar Hausa za a yi aiki da shi, a kiyaye hunturu: busasshiyar iska ta bakunan katakon take janye ruwa, kuma daga nan tsaguwa ke somawa. Idan ya bushe ki naɗe shi da ƙyalle ki sa a kabad.