Wace kwamfuta zan saya don lissafin ƙwayoyi masu jan juna daga nesa?

Ɗalibai ƴan fiziks masu shirin masta ko dokta suna yawan tambaya ta wane inji za su saya don simuleshin na taurari ko filasma, wato tsarin da kowace ƙwaya tana jin ƙarfin sauran duka komai nisansu. To kafin ka zaro kuɗi ka fara sanin nauyin aikin naka. In kana lissafin kai tsaye, wato ƙarfin kowace ƙwaya a kan kowace ɗaya bayan ɗaya, ƙwaya 100,000 na nufin kusan biliyan 10 na lissafin ƙarfi a taku ɗaya tak, kuma taku dubbai za ka yi. Ga shi yanayin da tsarin yake maƙalewa a ciki kafin ya daidaita, daɗewarsa ƙaruwa take da yawan ƙwayoyin, don haka injin kwana zai riƙa yi a kunne.

Amma in modal ɗin HMF (Hamiltonian Mean Field, sauƙaƙƙen modal na ƙwayoyi masu yawo a kan da'ira suna jan juna) na masana fiziks Antoni da Ruffo na 1995 kake yi, kada ka wahalar da aljihunka. A can jimlar cos da sin kawai ake tarawa, aikin yana tafiya da N, wato yawan ƙwayoyin, ba N sau N ba, tsohuwar Core i7 ma ta ishe ka ka ga sauyin yanayin tsarin, daga dunƙulewa zuwa bazuwa, a makamashi 0.75.

Ga mai aikin kai tsaye kuwa, ni dai destop mai katin girafik (GPU) RTX 3060 na 12GB nake ba da shawara, kuma ba na ɓoyewa. Yana da CUDA core 3584 (CUDA ita ce manhajar Nvidia ta yin lissafi a kan katin), wutarsa wat 170 ce, inbata mai ɗan ƙarfi za ta riƙe shi in an ɗauke wuta, fankokinsa kuma suna jure zafin watan Afrilu in ka bar gefen akwatin a buɗe. Laifinsa ɗaya, a lissafin FP64 (lambobi masu bit 64, sun fi daidaito) gudunsa kashi 1 cikin 64 ne na FP32 (masu bit 32). Wannan ya kamata ya dame ka, domin tun 1964 masanin taurari Miller ya nuna cewa ɗan ƙaramin kuskure a tsarin taurari ninkuwa yake yi har hanyoyin su rabu gaba ɗaya. Sai dai ai ba hanyar ƙwaya guda kake bi ba, rabon gudu da makamashi kake aunawa, shi ya sa dabarar ita ce ka lissafa ƙarfin da FP32, ka tara shi ka matsa ƙwayoyin da FP64, sannan ka sa ido a kan jimlar makamashi ko tana zamewa. In ma'aunin Lyapunov kake nema, wato saurin rabuwar hanyoyin nan, gwada ƙaramin N a CPU ka kwatanta tukuna.

Laftop ɗin gem, zafi zai rage masa gudu tun kafin azahar. MacBook babu CUDA. Tesla P100 ta hannu, katin saba na Nvidia, tana da FP64 mai kyau sosai amma ba fanka ba wurin jona allo. Colab, injin Google da ake aro ta intanet, kuma yanke ka zai yi a tsakiyar aiki.

Yanzu abin da ya fi ci min rai, jabu. An taɓa sayar min da kati a kwali mai sheƙi an rubuta GTX 1050 Ti, ashe tsohon GTS 450 ne na 2010 aka sauya masa BIOS. Windows ta nuna sunan daidai, CUDA ta ƙi shi ƙememe, mai shagon kuma ya ce kaya ya fita ya fita. Don Allah kada ka biya sai an jona katin a gabanka ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, da kanka daga filashinka, ba nasu ba. Duba yawan shader, wato CUDA core ɗin, 1050 Ti na gaske 768 ne, nawa 192 ya nuna. Ka ga ramin VGA mai shuɗi a jikin katin da aka ce sabo ne, ajiye shi ka tafi. Ita ma 3060 akwai ta 8GB mai bas 128-bit wadda ake cusa wa mutane a kuɗin ta 12GB mai 192-bit, kuma a aikinmu gudun memori ba wasa ba ne. Sai waɗanda aka yi haƙar kirifto da su shekara da shekaru aka wanke aka mayar kwali, duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su, ka saurari ƙarar fanka, ka sa shi aiki mai nauyi na rabin awa kana kallon zafin. In mai kaya ya fara cewa sauri yake yi, karɓi kuɗinka. Kuma a rubuta maka lambar katin a rasit tare da kwanakin garanti.