Bajaj Boxer: babur ne na neman abinci, amma kada a bar wa yaro makullinsa ranar biki

Daga Ringim zuwa Ɓaɓura, daga Wudil zuwa Ɗambatta, da wuya ka shiga kasuwar ƙauye ba ka iske Boxer jere a bakin tasha ba. Injinsa ƙarami ne, giya huɗu gare shi, iska ce ke sanyaya shi. Ba ya shan mai, kayan gyaransa suna ko'ina, kuma duk bakaniken da ke zaune a gindin darbejiya ya san cikinsa. Wanda zai kai buhunan gero kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ya ɗauki taki zuwa gona, ya saya kawai, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Inda muka rage masa maki shi ne ranar da ya bar hannun maigida ya koma hannun ɗansa mai shekara 15 ko 16, ana rakiyar amarya ko an tashi daga ƙwallo tsakanin ƙauye da ƙauye. Yaron da ke kai niƙa cikin natsuwa, shi ne za ka gani ya miƙe tsaye a kan kujera, ya saki hannu, saboda samarin garin ango sun ɗaga taya, shi kuma ba zai yarda a ce garinsu an fi su ba.

Iyaye kan ce yaro bai san haɗari ba. Ya sani sarai. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka sun gwada mutane da wasan tuƙi a kwamfuta, inda direba zai zaɓa ko ya tsaya a danja ko ya kutsa. 'Yan shekara 13 zuwa 16, idan su kaɗai ne, gangancinsu bai yi nisa da na manya ba. Da aka zaunar da sa'o'insu biyu suna kallo, sai ya ninka, alhali manya 'yan shekara 24 zuwa sama kusan ba su canza ba. Wani binciken na 2011 da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ɓangaren da ke jin daɗin samun nasara yana ƙara motsi ko da abokan suna kallo ne daga wani ɗakin. Ɓangaren gaba kuwa, mai taka wa mutum birki, sai wajen shekara 25 yake gama nuna. Wannan kallon abokai ne kurum. Ka haɗa da abokan hamayya da 'yan mata a bakin hanya, sai tsoron kunya ya fi tsoron karaya.

To Boxer ba a ƙera shi don wannan ba. Birkinsa na durom ne gaba da baya, wato irin wanda ke kamawa daga cikin cibiyar taya. A tafiyar kasuwa ya wadatar, amma idan ana ta fizga da takawa a jere, durom ya yi zafi, kamunsa ya ragu. Ƙurar burji da ruwan damina suna shiga ciki su ƙara lalata shi. Yawancin yara ma birkin baya kaɗai suke takawa don tsoron na gaba ya kifar da su, alhali a kan kwalta na gaban ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa. A rairayi kuma, irin na hanyoyin arewacin Jigawa, matse na gaba da ƙarfi shi ke zamar da taya. Wannan bambancin sai wanda ya daɗe a kan babur, ba wanda ya koya bara ba.

Ga lissafin gudu. A kilomita 80 cikin awa, babur na cin kusan mita 22 duk daƙiƙa guda, wato kafin yaro ya ga akuya ya kai ƙafa kan birki ya riga ya wuce tsawon gida. Nisan da birki zai ja kafin a tsaya kuma ninki huɗu ne na wanda ke tafiya a 40, ba ninki biyu ba.

Doguwar kujerar da ake yabon Boxer da ita, ita ce ke jawo goyon uku da huɗu. Nauyi ya koma baya, tayar gaba ta yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa a kwana. Ɗaga taya kuwa, da murɗa totur a saki kuloci farat ɗaya, shi ke ƙone faifan kuloci, ya miƙar da sarƙa, ya cinye haƙoran da sarƙar ke hawa. Duk saukowar da tayar gaba ta yi da ƙarfi, boris ɗin wuya ne ke sha. Maigida na iya gane abin da aka yi da babur ɗinsa ba tare da ya tambayi kowa ba: sarƙar da aka ɗaure jiya ta saki fiye da santimita 2 zuwa 3 da ya kamata, totur na ƙara amma gudu ba ya ƙaruwa, madubi ya ɓace, an fasa salansa don ta yi ƙara.

Hular kwano ba ta cikin lissafin kowa, duk da cewa hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta fara tilasta ta tun 1 ga Janairu 2009, lokacin da wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka. Binciken da aka tattara ya nuna hula tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai da kusan kashi 69. Sai dai hular gaske, mai kauri daga ciki, kuma a ɗaure igiyar a haɓa. Ta leburorin gini ba ta wannan aikin. Lasin tuƙi kuma sai an cika shekara 18, ko da a ƙauye ba a tambaya.

Wa'azi ga yaro shi kaɗai a zaure ba ya kai wa ko'ina, domin a zauren ai mai hankali ne. Abin da ke aiki shi ne a ɓata tsarin gasar. Babban mutum ya shiga gaban ayari da sharaɗin ba mai wuce shi. Iyayen ango da na amarya su yi magana tun kafin ranar, mai unguwa ya sani. Kada a jera samarin gari biyu gefe da gefe, a cakuɗa su, a ba su aiki ɗaya, kamar ɗaukar kayan ɗaki ko tare mahaɗar hanya. A gwajin da masanin halayyar ɗan Adam Muzafer Sherif ya yi a 1954 da yara maza 22 da aka raba gida biyu, gasa ta kai su ga ƙona tutar juna, kuma zama wuri ɗaya bai sasanta su ba sai da aka haɗa su gyaran hanyar ruwan sha da jan motar da ta ƙi tashi.

Hukuncinmu: don noma, kasuwa da acaɓa, Boxer ya ci kuɗinsa. Gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da 18, a ranar biki ko ranar wasan ƙarshe na ƙwallo, ɓoye makulli ba ya isa, don yara sun iya haɗa waya su tayar. A kwance filogi, maigida ya sa shi a aljihu.