Kwalbar inabi ta walima: wadda ba ta taɓa zama giya ba, da wadda aka tace

Yanzu da wuya a yi dina ko walima ba a jera dogayen kwalaben nan masu kumfa a kan tebur ba. Mai kanti zai ce miki duka ruwan inabi ne, babu barasa. To, Hajiya uwar biki, ba duka ne uwarsu ɗaya ba. Akwai wanda aka matse aka dafa tun kafin ya tsimu, akwai kuma wanda sai da ya zama giya cikakkiya sannan aka sa inji ya janye barasar. Kowanne da gidan da ya faro shi.

Ni dai nawa Welch's ne, kuma tarihinsa ne ya fara saye ni. Thomas Welch likitan haƙori ne a garin Vineland na jihar New Jersey a Amurka, ɗan cocin Methodist mai ƙin giya. Abin da ya dame shi shi ne giyar da ake sha a ibadar cocinsu. A 1869 ya matse inabi, ya zuba a kwalabe, ya dafa su bisa dabarar Louis Pasteur, masanin kimiyya Bafaranshe, don ƙwayoyin da ke tsima ruwan su mutu. Wato gidan nan tun daga tushe gudun barasa aka kafa shi. Da farko kasuwa ba ta karɓa ba, har tsohon ya saki sana'ar. Ɗansa Charles, shi ma likitan haƙori, ya ƙi saki. Ya kai ruwan babban baje kolin Chicago a 1893, jama'a suka ɗanɗana, daga nan ƙofa ta buɗe. A 1897 ya koma Westfield a jihar New York, kusa da gonakin inabi. A 1913 sakataren harkokin wajen Amurka, William Jennings Bryan, ya shayar da jakadu wannan ruwan maimakon giya a wata liyafa, jaridu suka yi ta yi masa ba'a, ba'ar ta zama talla kyauta. Tun 1956 kamfanin na hannun ƙungiyar manoman da ke noma masa inabin, iyalai masu gonaki.

Inabin da suke matsewa sunansa Concord, baƙi ne mai kaurin ɓawo, wanda wani manomi Ephraim Bull ya samar a jihar Massachusetts. Ƙamshinsa da ƙarfi, zaƙinsa da yawa. Mai ciwon suga ya yi hattara. A duba kuma jikin kwalbar, don wasu daga cikin masu kumfar an sirka su da ruwa da ƙarin zaƙi, ba zallar inabi ba ne.

Sauran fa? Gidan Torres na yankin Penedès a Sifaniya tun 1870 giya suke yi, ɗa na gadar uba, kuma Natureo ɗinsu da ya fito a 2008 giya ce da aka tace. Gidan Carl Jung na Rüdesheim a Jamus su suka yi rajistar dabarar janye barasar tun 1908. Gwanaye ne, ban musa ba, amma ba za su hau teburina ba.

Dalili kuwa: a dokar Tarayyar Turai, kwalbar da aka ce an cire mata barasa tana iya ɗauke da har kashi 0.5 cikin ɗari. Ko an rubuta 0.0, tambayar asali tana nan, tunda abin sai da ya zama giya. Wannan hukuncin na malamai ne, a tambaye su kafin a biya kuɗi.

Abin da ya ƙona ni shi ne bikin wata 'yar yayata. Wani mai kanti ya haɗo mana katan-katan, ya cusa wasu kwalabe masu kama da sauran sak, har zinariyar takardar wuya. Allah ya sa wani yaro ɗan jami'a ya karanta ƙananan rubutun baya tun kafin a buɗe, sai ga adadin barasa ɓaro-ɓaro. Mai kantin ya rantse shi ma haka aka kawo masa. Ƙila da gaskiyarsa, amma da an sha fa?

Ga kuma jabu, wanda ya fi wannan muni. A Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba, ta rufe shaguna sama da 240 da ake haɗa abin sha na bogi, ana ɗurawa a tsofaffin kwalabe masu sunan manyan kamfanoni. Don haka kada a aiki direba shi kaɗai. A sa a buɗe katan a gabanki, a ɗaga kwalba ɗaya-ɗaya a haske. Gurɓataccen ruwa ko gari a ƙasa, a ajiye. Takardar da ta karkace, ko gam ya leƙo ta gefenta, ko murfin da aka taɓa murɗawa, a ajiye. Ranar ƙarewar wa'adi da aka goge aka sake bugawa takan yi dishi-dishi. Lambar NAFDAC dole ce, sai dai masu jabu su ma suna bugawa, saboda haka ita kaɗai ba hujja ba ce. In farashi ya faɗi ƙasa da na ko'ina a kasuwa, akwai lauje cikin naɗi. A karɓi rasit, kuma in biki ya watse a fasa kwalaben ko a ɓata takardunsu, kada a sayar wa masu yawon sayen kwalba.