Chamonix, St. Moritz ko Erzurum: wane dutsen ƙanƙara ne ya dace da aljihunka da ƙafarka?

Duk wurin zamiya a kan dusar ƙanƙara da ya taɓa karɓar babbar gasa, da wannan tarihin yake buɗe tallarsa. Za ka ga hoton wani gwani ya lanƙwashe jiki yana tsaga gangare, ƙanƙara na tashi a bayansa, a gefe kuma an rubuta shekara da manyan lambobi: 1924, 1948, 1956. Kuɗin otal ma da wannan sunan ake yanka shi. To kafin ka biya, ya kamata ka san ko me kake saye, domin tarihin gasa iri biyu ne. Akwai na wurin da ya yi gasa tun kakanni suna samari, abin da ya rage masa shi ne suna. Akwai kuma na wurin da har yanzu ake gasa duk shekara, ko aka yi kwanan nan. Shi wannan na biyun yakan bar wa baƙo abin da zai taɓa da hannu: sababbin kekunan igiya masu hawa da mutane dutse, injunan fesa ƙanƙara idan sama ta yi rowa, hanyoyin mota masu kyau, da ma'aikatan ceto da suka san aikinsu.

Wani abu kuma da masu talla ba sa faɗa: layin da ake tsere a kansa ba don kai aka shirya shi ba. Kafin gasa ruwa ake ɗura wa dusar har ta daskare ta zama kamar siminti, don kada ta farfashe a ƙarƙashin 'yan tsere. Wanda bai taɓa hawa doki ba, ba ya fara koyo da ingarman sarki ranar hawan daushe.

Chamonix da ke Faransa ita ce uwar tarihin. A nan aka yi wasannin Olamfik na hunturu na farko a 1924, ƙasashe 16 suka halarta. Amma a wancan karon ba a yi tseren gangarowa daga dutse ba sam. Sai a 1936 irin wannan zamiyar ta shiga Olamfik. Ke nan sunan da garin ya samu a 1924 bai ce komai ba game da layukan da za ka hau yau. Garin yana gindin Mont Blanc, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga filin jirgin saman Geneva, wanda hakan sauƙi ne babba. Matsalarsa ga sabon shiga ita ce filayen zamiyar a warwatse suke cikin kwari: Brévent da Flégère a nan, Grands Montets can gaba, Les Houches ta wancan ɓangaren, dole sai da bas ko jirgin ƙasa a tsakaninsu, kana saɓe da alluna, wato dogayen sillayen da ake ɗaurawa a ƙafa a yi zamiya da su, ƙafarka cikin takalmi mai nauyi. Gwanaye ne suke jin daɗin Chamonix, musamman masu neman Vallée Blanche, hanyar kusan kilomita 20 a kan daskararren kogin ƙanƙara wadda bai kamata a shiga ba sai da ɗan jagora. Idan kallo ya kai ka, to a nan Chamonix ba ta da na biyu: keken igiya na dutsen Aiguille du Midi da lif ɗin da ke samansa za su kai ka tsayin mita 3,842 ba tare da ka iya zamiya ba ko kaɗan. Ka dai riƙa tafiya a hankali a can sama, iska ba ta da kauri, numfashi na yankewa.

St. Moritz a ƙasar Suwizalan ita ce wadda tarihinta ya fi kauri, kuɗinta ma haka. Ta karɓi Olamfik sau biyu, a 1928 da 1948, sannan gasar duniya ta tseren gangare sau biyar: 1934, 1948, 1974, 2003 da 2017. Ka ga ta haɗa tsohon suna da sabon aiki. Garin yana sama da mita 1,800, don haka ba a cika fargabar rashin ƙanƙara ba, rana kuma tana yawan fitowa. Layukan Corviglia faffaɗa ne, an share su sumul, masu matsakaicin iyawa sun fi morarsu. Sai dai abin da ya bambanta St. Moritz da sauran ba zamiyar alluna ba ce. A nan ne ake da hanyar keken ƙanƙara da ta tashi daga garin zuwa Celerina, mai tsawon mita 1,722, wadda ake ginawa da hannu daga dusa da ruwa duk shekara tun 1904, ba injin sanyaya, bazara na zuwa ta narke. Baƙo yana iya biyan kuɗi a sa shi tsakanin direba da mai birki a gangaro da shi. Kusa da ita akwai Cresta, inda mutum ke kwanciya rub da ciki a kan ƙaramin keke ya gangara da kai a gaba. Irin wannan wasan ne Simidele Adeagbo ta wakilci Najeriya a cikinsa a Olamfik na 2018 a Koriya ta Kudu, shekarar da Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga suka fito da tutar ƙasar a keken ƙanƙara. A watan Fabrairu kuma tafkin garin yakan daskare har a yi sukuwar dawaki a kansa, ana kuma buga folo a kan ƙanƙarar tun 1985. Mai zuwa kallon folo a Kaduna ko Katsina zai so ya ga wannan da idonsa ko sau ɗaya. Amma fa Suwizalan ba ta amfani da yuro, kuɗinta daban ne, kuma ko shayi ka zauna sha sai aljihu ya ji a jikinsa. Kwana biyu na kallo ya fi mako guda na koyo a can.

Kitzbühel a Ostiriya ba ta taɓa karɓar Olamfik ba, amma duk ɗan tsere ya san cewa cin gasarta ya kusa kai lambar zinariya daraja. Tun 1931 ake gasar Hahnenkamm, kuma layinta mai suna Streif shi ne wanda ake tsoro fiye da kowane. Tsawonsa mita 3,312, akwai wurin da gangarensa ya kai kashi 85 cikin ɗari, gudun 'yan tsere yakan kai kilomita 140 a awa. Fritz Strobl ya gangaro shi cikin minti 1 da daƙiƙa 51.58 a 1997. Didier Cuche na Suwizalan ya ci shi sau biyar. Jin wannan sai mutum ya ɗauka wurin na masu taurin kai ne kaɗai, alhali akasarin layukansa masu sauƙi ne da matsakaita, har an fitar da hanyar da ke kewaye wurare masu haɗari na Streif don iyali su bi. Rauninsa shi ne ƙarancin tsayi. Garin bai wuce mita 800 ba, saboda haka a shekarar da hunturu ya zo da ɗumi, injuna ne ke rufa masa asiri. Makon gasar kuwa, a watan Janairu, ko dai ka je don shi, ko ka guje shi gaba ɗaya, domin garin cika yake maƙil da 'yan kallo, otal ya yi tashin gwauron zabo, dare kuma na masu shaye-shaye ne.

Cortina d'Ampezzo a Italiya ta yi Olamfik a 1956, inda Toni Sailer, ɗan Kitzbühel, ya kwashe zinariya uku na tseren gangare shi kaɗai. Ta yi gasar duniya a 2021, ita ce kuma abokiyar Milan a Olamfik na Fabrairun 2026, abin da ya jawo mata sababbin gine-gine har da sabuwar hanyar keken ƙanƙara. Duwatsun Dolomite da suka zagaye ta sun fi na kowa kyau a hoto, kuma katin hawa guda, wato tikitin shiga kekunan igiya, yana iya buɗe maka yankuna 12 masu layuka kusan kilomita 1,200. Jirgin ƙasa ba ya shiga garin, mota ake bi daga Venice, kamar awa biyu.

Val d'Isère ta Faransa, inda maza suka yi tsere a kan gangaren Bellevarde a Olamfik na 1992 aka kuma yi gasar duniya a 2009, ban ba sabon shiga shawararta ba, layukan da ke saukowa cikin gari suna da tsauri. Courchevel da Méribel, su ma a Faransa, masu gasar duniya ta 2023, sun fi ta tausayin mai koyo nesa ba kusa ba, kuma suna cikin yanki mai layuka kilomita 600. Tsadar Courchevel dai ƙanwar ta St. Moritz ce.

Ga wanda burinsa shi ne ya taka ƙanƙara, ya gwada zamiya kwana biyu ko uku, yara su yi wasa, a dawo da hotuna, ni Garmisch-Partenkirchen ta Jamus nake nuna wa mutum a cikin Turai. Daga Munich jirgin ƙasa kai tsaye ne, kusan awa ɗaya da rabi, har kana iya kwana a Munich inda masallatai da abincin halal ba sa wuyar samu, ka je ka dawo a yini. Tarihinta akwai tabo: Olamfik ɗinta na 1936 a ƙarƙashin Hitler aka yi, gwamnatinsa ce ma ta tilasta haɗe garuruwan biyu a 1935, shi ya sa sunan ya yi tsawo haka. Daga baya ta karɓi gasar duniya a 1978 da 2011. Kowace ranar 1 ga Janairu ana gasar tsalle daga dogon tudu a filin Olamfik ɗin, kuma wannan kallo ne da ko ba ka san dokokinsa ba zai tsayar maka da numfashi. Zugspitze, dutse mafi tsawo a Jamus mai mita 2,962, ana hawansa da keken igiya ko jirgin ƙasa. Filin zamiyar ƙarami ne, gwani zai gaji da shi cikin kwana uku. Mai koyo kuwa ina ruwansa da kilomita 600? Gangare ɗaya mai laushi da malami mai haƙuri sun ishe shi.

Sai wurare biyu da ba su cika fitowa a irin wannan jeri ba, alhali su ne suka fi dacewa da yawancinmu. Na farko Erzurum a gabashin Turkiyya. Ta karɓi wasannin hunturu na ɗaliban jami'o'in duniya a 2011 da na matasan Turai a 2017, kuma saboda na 2011 ɗin aka zuba kuɗi a dutsen Palandöken, wanda ke bakin gari, 'yan mintuna a mota. Birnin kansa yana wajen mita 1,900, sanyinsa na cikin mafi tsanani a Turkiyya, shi ya sa dusarsa take zuwa busasshiya mai laushi. Ba komai na gasar ne ya tsaya lafiya ba, domin a 2014 zaftarewar ƙasa ta lalata tudun tsalle na Kiremitliktepe. Amma abin da baƙo ke buƙata yana nan, a farashin da bai kama ƙafar na Suwizalan ba. Ga shi ba sai ka riƙa tambayar abin da ke cikin miya ba, kiran salla kana jin sa, da yamma kuma ka shiga gari ka ga tsohuwar makarantar Çifte Minareli ka ci gasasshen naman cağ kebabı. Jirgi daga Istanbul kamar awa biyu ne. Ka dai tafi da kayan sanyi na gaske, ba rigar sanyin hunturun Kano ba.

Na biyu Sarajevo a Bosniya, mai Olamfik na 1984. Maza sun yi tsere a Bjelašnica, mata a Jahorina, kuma dukkansu ba su kai awa ɗaya daga birnin ba. Yaƙin 1992 zuwa 1995 ya ragargaza wuraren gasar da dama. Hanyar keken ƙanƙara ta dutsen Trebević har yau kufai ce da matasa suka cika da zane-zane, ana hawa kallonta da keken igiya da aka sake buɗewa a 2018. An gyara Jahorina sosai, ita ce ta fi dacewa da iyali. Duwatsun ba su kai na Erzurum tsawo ba, don haka tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu ya fi tabbas.

Lissafin kuɗi kuwa, tikitin jirgi da otal rabin labari ne. Akwai katin hawa na kowace rana, hayar alluna da takalmi da hular kwano, kuɗin malami, da tufafin da ruwa ba ya ratsawa. Alluna da takalmi haya ake yi, kada ka saya. Safar hannu da tabarau kuwa ka saya masu kyau, hasken rana a kan farar dusa yana ƙona ido. Launin layuka ka riƙe shi: kore da shuɗi na masu koyo, ja na matsakaita, baƙi na gwanaye, sai dai a Ostiriya da Suwizalan da Italiya yawanci daga shuɗi ake farawa. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun makarantu na Fabrairu su ne mafi tsada da cunkoso, tsakiyar Janairu ta fi sauƙi. A 'yan shekarun nan kuma azumi yana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Maris, ka duba kalanda, domin ko da yinin gajere ne, zamiya tana cin ƙarfi kuma iskar saman dutse na busar da maƙogwaro.

Faransa da Italiya da Ostiriya da Jamus da Suwizalan duk bizar Schengen guda ce ke shiga da kai, Turkiyya da Bosniya kowace da nata tsarin. Bizar Schengen tana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, amma inshora da yawa sun cire wasannin ƙanƙara daga abin da suke biya. A Faransa, idan ka faɗi aka sauko da kai a gadon ceto, kai za a miƙo wa takardar kuɗi, balle a ce jirgi mai saukar ungulu ne ya ɗauke ka. Ka nemi a rubuta maka a takardar inshorar cewa zamiya da ceto daga kan dutse suna ciki, ko ka ƙara 'yan yuro kaɗan a kan katin hawa ka sayi ta wurin a ranar farko.