Gargaɗi: kwalba aka sayar mini da sunan benitoite

Jama'a, har yanzu raina tafasa yake. Ajiyar wata bakwai. Wata bakwai ina ƙulle kuɗin nan, na ɗauka na tura wa mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya aiko mini da guntayen kwalba guda uku.

Kada kuma wani ya ce ganganci na yi. Ba yau na fara tara duwatsu ba. Na san benitoite, wani shuɗin dutse mai daraja, mai kyansa a gundumar San Benito ta Kaliforniya ake haƙo shi, tun 1907 aka raɗa masa sunan, shi ya sa da ya ce nasa daga can ya fito ban ja ba. Magana a natse, har da "ɗan'uwa, amana ce tsakaninmu". Amana! Kalmar nan ta ƙi fita daga kunnena.

Bidiyon da ya nuna mini ne ya cinye ni. Ya kashe wutar ɗaki, ya haska, duwatsun suka yi shuɗi. Na kalla ya fi sau goma, amma sai jiya na lura fitilar irin ta duba jabun kuɗi ce. Benitoite kuwa ba ita ke sa shi walƙiya ba, sai fitilar UV mai gajeren zango. Na san wannan fa, wallahi na sani, zumuɗi ne ya rufe mini ido.

Da saƙon ya iso... a'a, tun kafin nan ya fara jinkirin amsa waya, wai yana hanya. Na dai ɗora su a sikeli, na sake auna su rataye cikin ruwa. Na gaske ya ninka nauyin ruwa kusan sau 3.6, nawa 2.5. Na maimaita har sau uku, ina ta zargin sikelin. Taurin na gaske 6 zuwa 6.5 ne a ma'aunin Mohs, dole ya karce gilashin taga. Wannan santsi kawai ya yi. Na juya shi ta kowane ɓangare ko launin zai kwashe daga shuɗi zuwa garau kamar na gaske, ko gezau. Da na leƙa da madubin ƙara girma, ga ƙananan kumfa nan a ciki, sai na zauna a ƙasa.

Yanzu ya toshe ni, ya sauya sunan shafi. Wata bakwai! Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin duk suna wajena, zan ɗora su in na ɗan huce.

Ku dai kada ku biya sai kun auna da hannunku. Guda uku fa, ko ɗaya babu na gaske.