Keken motsa jiki na cikin ɗaki: abin da na gani bayan wata takwas

Yau wata takwas ke nan da na sayi keken motsa jiki, irin wanda ake ajewa cikin ɗaki kina tuƙawa amma ba ya zuwa ko'ina, kuma matan layinmu nan barikin Giginya kullum sai sun tambaye ni wai da gaske yana aiki ko asarar kuɗi ce kawai. To bari in faɗi abin da na gani da idona, mai daɗi da mara daɗi, don wadda ke da niyya ta san abin da za ta tarar.

Bayan haihuwar Auta, wadda aiki anka yi man, jikina ya yi nauyi sosai, gwiwa na ciwo, in na share tsakar gida sai na zauna na huta. Abban yara kuma lokacin yana daji can gabashin jiha, wani lokacin sati biyu wayarshi ba ta shiga, duk matar soja ta san wanga zama, ki kwanta waya na ƙarƙashin filo, in ta yi ƙara cikin dare gabanki ya faɗi tun ba ki duba suna ba. Barci ba ya zuwa sai in tashi in dafa indomi ko in ɗumama tuwo ƙarfe ɗaya na dare, ba don yunwa ba wallahi, don dai in samu abin yi. Ranar da na kai Auta rigakafi asibitin bariki na ce nas ta ɗan auna man jini saboda ciwon kai, sai ga 152 bisa 96. Ta ce in dawo, na dawo sau biyu bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba, likita ya ce Hajiya wannan hawan jini ne, ya ɗora ni kan magani, ya ce kuma dole in motsa jiki in rage gishiri.

Kafin nan na riga na yi kuskure ɗaya da nike son ku guje mai. Na sayi shayin rage ƙiba wajen wata mai talla a waya, sati guda ina sha, ban da zawo da jiri babu abin da na samu, har na kusa faɗuwa kicin da yarinya goye a bayana. Likitan ya ce da yawa daga irin shayin nan maganin wankin ciki ne a ciki, ruwan jikinki ke fita ba kitse ba. Na zubar da sauran.

To ina zan motsa jikin? Za a ce ki fita ki yi tafiya, bariki ga fili. Gaskiya ne akwai fili, amma wa zan bar ma yara ukku? Inna tana Tambuwal, ba ni da 'yar aiki. Bayan asuba ga wanka ga karin kumallo ga shirin makaranta, kafin in gama rana ta fito, kuma ranar Sakkwato a watan Afrilu da Mayu kun santa, zafi na wuce digiri 40, ko ƙofa ba ki son leƙawa. Da yamma islamiyya da girki. Sannan akwai bakin mutane, mijinki na daji kina fita kullum da sassafe, ko ba a faɗa gabanki ba za ki ji. Shi ya sa da kwasata ta adashi ta zo na tura ma Abban yara saƙo, bayan kwana huɗu ya amsa da cewa ki saya Allah ya sa albarka, na shiga gari na sayo, mai agwagwa da buje, wato keke napep, ya kawo man har ƙofa. Farashi ba zan faɗa ba don yadda kaya ke hawa ba zai amfane ku ba, ku dai zagaya shago biyu ukku.

Abin da ya fi burge ni, ba ruwanshi da NEPA. Ƙafarki ce injin. Gaba akwai wata taya ta ƙarfe mai nauyi, sama da ita akwai abin murɗawa, in kin murɗa sai wani ɗan soso ya danne tayar tuƙi ya yi tauri kamar kina hawan tudu, in kin sassauta ya yi laushi. Ɗan agogon da ke nuna minti da nisa batir biyu yake ci irin na rimot, sau ɗaya na canza tun da na saya.

Ranar farko minti 6 na yi na sauka ƙafafuna na rawa, kuma sati na farko gwiwata ta ƙara ciwo har na ce na yi asara. Ashe sirdin ne na bari ƙasa. Wani kofur maƙwabcinmu da ke horar da sojoji motsa jiki shi ya faɗa ma matarshi ta faɗa man, ki tsaya gefen keken, sirdi ya zo daidai ƙugunki, in kin hau feda ta kai ƙasa gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan kawai, kada ta miƙe sak kada kuma ta naɗe. Na ɗaga shi rami ukku, wallahi cikin kwana biyu ciwon ya tafi. Don Allah wadda duk ta saya ta fara da wannan. Wadda anka yi ma aiki kuma kada ta hau sai likita ya ce ɗinki ya warke, ni sai da Auta ta yi wata biyar.

Yanzu ga yadda nike yi. Ina sallame asuba in yi azkar, in buɗe ƙofar baya iska ta shigo, in aje gorar ruwa kan taga, in kunna rediyo ƙasa-ƙasa, in hau. Gari shiru sai ƙarar taya shuuu, daga nesa kina jin sojoji na waƙar gudun safe. Minti 30, kwana biyar a sati, shi ne minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu a sati. Ba na kashe kaina, ma'aunina shi ne in iya magana amma in kasa rera waƙa, in numfashi ya kai haka to ya yi. Wani lokaci Auta ta farka na yi minti 12 kacal, in sauka in ba ta nono, in cika sauran bayan isha'i, kuma duk lissafi ne. Da azumi bayan tarawihi nike yi, minti 15, ban yarda in hau da ƙishirwa ba.

Sai matsalolinshi, don yana da su. Sirdin nan tauri gare shi kamar dutse kuma siriri ne, ba a yi shi don jikin macen da ta haihu ba, sai da na kai ma tela ya ɗinka mai riga da soso ciki sannan na samu sauƙi. Igiyar da ke riƙe ƙafa a feda ta tsinke wata na biyu, na koma shagon mai shi ya ce shi ba ya da ita kuma kaya in ya fita ya fita, abin ya ɓata man rai ƙwarai don lokacin saye baki har kunne ya ce komi ya lalace in dawo. Mai gyaran takalmi na kasuwar mami ta cikin bariki ya yi man ta fata, har yau tana nan. Lambar kalori, wato ƙarfin abincin da jiki ya ƙone, da agogon ke nunawa kuma kada ki yarda da ita, bai tambaye ki nauyinki ko shekarunki ba, ni da 'yata mai shekara 10 lamba ɗaya yake ba mu, minti kawai nike kallo. Da hunturu ya shigo ƙura ta cika soson nan ya fara ƙiii ƙiii yana tada yara, na goge na ɗiga mai man keken ɗinki kaɗan ya yi shiru, tun sannan da tsohon zane nike rufe shi. Zufa ma na sa shi tsatsa in ba ki goge ba.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne yara. Rannan ina kicin na tsakiyan ya juya feda da hannu tayar na gudu, Auta ta rarrafo tana miƙa yatsa, Allah ne ya sa na leƙo. Har yanzu in na tuna jikina sanyi yake. Tayar na da nauyi, ba ta tsayawa nan take. In kin gama ki murɗa abin taurin har ƙarshe ya kulle, kullum, ko da fitsari za ki zaga.

Ba zan ce keke kaɗai ya yi aikin ba. Na rage magi da gishiri, don an ce gishirin yini gaba ɗaya kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin magin. Dare sau da yawa kwaɗon zogale ko rama da ƙuli nike ci, zoɓo da citta da kanumfari ba suga, furar gero da nono ita ma ba suga, lemun kwalba sai in anyi baƙi. Duk abinmu ne na gida mai araha. Maganin likita kuma ban aje ba, ina sha kullum, kada wata ta ce keke ko zogale ya maye gurbinshi. Daga kilo 89 na dawo 82, awon jinina na ƙarshe 128 bisa 84, kuma ina barci, wanda shi ne na fi gode ma Allah a kai. Daren da wayar Abban yara ta ƙi shiga zuciya ta fara saƙe-saƙe, in hau in tuƙa ina salati har zufa ta karyo, in watsa ruwa in kwanta.

Da ya zo hutu watan jiya ya tsaya bakin ƙofa da jakarshi yana kallona, ya ce Maman yara ke ce kuwa? Ya hau ya gwada ya ce tayar ta yi mai sauƙi ko an murɗa ƙarshe, don haka ga namiji mai horo irin nasu ƙila a nemi babba, amma ga mu ya isa. In kuna da hali akwai mai maganaɗisu, ya fi shiru kuma ba soson da zai cinye, sai dai ya fi tsada. Ki duba kilo nawa anka rubuta yana ɗauka, ki hau ki gwada sirdi tun a shago, ki girgiza shi ki ga ko yana rawa.

Yanzu maƙwabciyata 'yar Filato, ita ma nata yana daji, Talata da Alhamis take zuwa bayan yara sun tafi makaranta, in riƙe mata jariri ta yi minti 20, satin nan ta kai 25.